Kira Daga Lamba Tara

Da yamma lis shugaban aiki ya tura Auta ƙofar baya ta kamfanin fasa dutse, ya kwaso kayan kawunsa daga ɗakin gadi. Kwana huɗu ke nan da tsamo gawar dattijon daga tsohon ramin da ruwa ya cika.

Auta ne ke zama a ɗakin oba-oba, wato rediyon kira na hannu, duk kiran ma'aikata ta hannunsa yake bi. Irin ta zamani ce, mai nuna lambar wanda ya kira. Shi kuwa Kawu, maigadi mai lamba tara, Allah ya yi shi da surutu. In ya danna maɓalli sai ya zayyane ciwon gwiwarsa kaf, direbobi na jiran layi. Ranar da abin ya faru Auta ya gaji, ya toshe lamba tara, wai na rabin awa. Sai ya manta. Da safe ya tarar da jerin kiran da ba a amsa ba, ya goge su. Da Inna ta tambaye shi ko yayanta ya neme shi, ya ce a'a. Amma ya san abin da ya aikata.

Ɗakin gadin na warin man zafi. Ga buta, ga hula a jikin ƙusa. Oba-obar Kawu da aka tsinto a bakin ramin na kan benci, an cire mata batir an ajiye a gefe.

Sai ta ƙugun Auta ta yi ƙara. Ya duba. Lamba tara.

"Auta," in ji wata murya ƙasa-ƙasa, ruwa na ɗiga a bayanta. "Kana ji na?"

Ya san mamaci ba ya kira. Ya san abin da manya ke faɗa game da masu aron murya a kufai. Amma mai laifi ba ya iya ƙin amsawa sau biyu. Ya danna.

"Ina ji, Kawu."

"Sanyi nake ji. Zo ka kama hannuna."

Ƙafafunsa suka ɗauke shi. Kwaɗi sun yi tsit. Warin gansakuka ya cika masa hanci. Ya ratsa ta inda wayar shinge ta yanke, ya tsaya a bakin ramin.

Ruwan baƙi ƙirin, ko motsi babu.

"Ɗan matso."

Ya matsa. Tsakuwa ta zame.

Wani abu mai sanyi ya riƙe masa idon sawu, ya ja.

Ya saki oba-obar, ya cafki wayar shingen da hannu biyu. Ƙayoyinta suka shige masa tafi. Ya fizge da salati, takalmi ɗaya ya tafi. Da rarrafe ya tsira, yana jin muryar daga ƙarƙashin ruwa tana ta kiransa.

Gida ya zarce, ya tarar da Inna tana ninke wanki. Ya durƙusa ya faɗa mata komai.

Ta ajiye wankin. Can ta ce, "Sau nawa ya kira?"

"Goma sha ɗaya, Inna."

Ta tashi ta ɗebo ruwan ɗumi, ta wanke masa hannuwan, ta ɗaure da tsumma mai tsabta. Har yau tana zuba masa abinci, tana amsa gaisuwarsa. Amma ba ta ƙara ce masa Auta ba, sai sunansa na yanka, kamar yadda ake kiransa a wurin aiki.