Tasar Fura ta Jatau

Shekarar fari ce, lokacin da sojoji ke rabon jar dawa a Baoudetta. Zara'u, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ita ke jinyar surukinta Na Allah mai ciwon sukari. A asibitin Tasawa, likita Maman Sani ya zaunar da ita ya koya mata: tuwo kaɗan, ganye da yawa, ban da fura mai sukari, maganinsa kullum, a duba ƙafarsa kowace safiya. Ta riƙe wannan kamar karatun salla.

Jatau, wan mijinta, ya daɗe da sa ido kan gonar marayun. Ya iske tsohon yana cin ganyen tafasa, sai ya tara unguwa.

"Ku zo ku gani! Ubana take ciyarwa da abincin awaki, tana ɓoye wa 'ya'yanta hatsi."

"Yaya Jatau, likita ne ya ce..."

"Likita ya haife shi? Wace ɗiyar kirki ke hana tsoho fura?"

Mata suka yi ta tir da ita. Tsohon, da kwaɗayi ya dame shi, ya sunkuyar da kai bai kare ta ba. Aka watso kayanta waje. Ta ja 'ya'yanta zuwa garin Kona tana hawaye, tana cewa, "Allah, kai ka gani."

Jatau ya karɓe gona. Kullum sai ya kai wa uban tasar fura mai sukari a ƙofar gida, inda kowa zai gani ya yaba. Magani kuwa aka jefar. Ƙaya ta soki tsohon a ƙafa bai ji ba, ba wanda ya duba, har wari ya cika ɗakin.

A Maraɗi aka yanke ƙafar. Maman Sani, da ya rako su daga Tasawa, ya faɗa a gaban dangi, "Yarinyar da kuka kora ce ke riƙe da ransa."

Da aka dawo da Na Allah a amalanke, ya sa aka kira maigari da Zara'u. Ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe.

"Ɗiyata, na ci amanarki. Kai kuwa Jatau, ban yafe maka ba, duniya da lahira."

Maigari ya mayar wa marayu gonarsu. Jatau ya zama ba mai amsa sallamarsa. Da abin ya ishe shi, ya durƙusa a bakin dangar Zara'u yana roƙonta ta sa baki uban ya yafe masa. Ba ta ko ɗago daga turminta ba.

"Je ka maido masa da ƙafarsa, sannan mu yi magana."