Tsohuwa Ba Ta Tashi Sai a Gangare

Ranar da ta fara ganinsa, babur ɗinsa ne ya fara ɗaukar mata ido. Tana bayan kanta a kemis ɗin da take aiki, tana jera kwalaben maganin tari, sai ga wani saurayi ya faka wani abu a bakin ƙofa. Tankin da alama ja ne a zamanin ƙuruciyarsa, yanzu ya koɗe ya koma kalar shayi. Kujerar ɗinkin hannu ce, madubi ɗaya zagaye, ɗayan mai kusurwa huɗu. Saurayin ya cire hular kwano, ya shafa tankin, bakinsa ya motsa.

A gidansu 'Yar Tambaya ake ce mata, kuma ba a zalunce ta da sunan ba. Tun tana ƙarama ba ta iya ganin abu ta bar shi ya wuce. Don haka da ya shigo ya ce a ba shi filasta, kafin ta miƙa masa ta riga ta jefo tata.

"Me ka ce wa babur ɗin?"

Ya juya ya dubi bayansa. "Ni?"

"Kai mana. Na ga bakinka ya motsa."

Ya yi murmushi cikin kunya. "Sannu na yi mata. Tsohuwa sunanta, kuma tana son a gaishe ta."

"Ta girme ka?"

"Nesa ba kusa ba. Ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. A bayanta aka kai mahaifiyata asibiti ranar da za a haife ni."

Ta ce amin a hankali, sannan ta ci gaba. Me ya sa madubin ba iri ɗaya ba? Me ya ƙona masa yatsa? Mene ne wancan ɗan makunnin da ke ƙarƙashin tanki? Ya amsa duk, ɗaya bayan ɗaya, bai ƙosa ba. Makunnin na mai ne, a nan ake buɗe wa inji fetur a rufe. Shi kuma mai ɗaukar hoto ne, shagonsa yana bayan kasuwa. Sai da suka daɗe sosai kafin ya fita, ya buga kik sau ɗaya Tsohuwa ta amsa. Ya bar filastar a kan kantar kemis ɗin, kuma har yau bai yarda cewa da gangan ya yi ba.

Da yamma saƙonsa ya shigo, don ta karɓi lambarsa, wai ko za ta buƙaci hoton fasfo.

"Malama mai tambaya, Tsohuwa ta ce in gaya miki tun da aka ƙera ta ba a taɓa yi mata tambayoyi masu daɗi irin na yau ba."

Ta amsa: "Ka ce mata saura da yawa. Kai kuma filastarka tana nan tana jiranka."

Daga nan aka ɗora. Ita ta sa masa suna Mai Tsohuwa, shi kuma ya rage nata ya koma Tambayata. Ya koya mata duba fulogi, ya nuna mata yadda ake gane lafiyar inji daga kalar bakinsa. Ta koyi ja wa sarƙa mai ba tare da ta ɓata hannun riga ba. Sonsa ya shige ta sosai, har idan ta ji ƙarar wani babur a titi sai ta ɗaga kai.

Da magana ta yi ƙarfi, ta ce ya zo gida. Gidansu yana ƙarshen wani layi mai gangare, can ƙasa inda hanya ta miƙe. Baba mutum ne mai tsari, yana ɗingishi kaɗan da ƙafar hagu, ba ya son hayaniya. Ya kafa doka cewa baƙon 'yarsa zai sha shayi kofi ɗaya a baranda, da ya shanye ya kama hanya.

Abin mamaki, Mai Tsohuwa a ƙasa ya iso, hular kwano a hannu.

"Ina Tsohuwa?" ta tambaye shi.

"Tana sama. Tana son iskar tudu."

"Tun yaushe babur ya fara son iska?"

"Tambayata, yau dai ki bar ni in ji da Baba."

Ta ƙyale shi, amma abin ya tsaya mata. Kullum haka: ya zo a ƙasa, ya sha shayi, ya hau tudu a ƙasa. Jim kaɗan sai a ga Tsohuwa ta gangaro shiru ba ƙara, sai ta zo daidai tagar Baba ta yi wata irin tari mai ƙarfi, ta saki hayaƙi, ta wuce.

Baba ya jure na ɗan lokaci. Wata yamma ya ajiye jaridarsa ya ce, "Wannan yaron raina ni ya yi. Duk faɗin layin nan bai ga inda zai saki kuloci ba sai a tagata? Kuma wanda yake ɓoye abin hawansa a ƙofar wasu, akwai abin da yake ɓoyewa."

Mama kuwa dama tana da nata ɗan takarar, ɗan ƙawarta, wanda duk gidan ke kira Mai Mota. Yaro ne mai ladabi, motarsa tana sheƙi, har cikin get yake shigo da ita. 'Yar Tambaya ta taɓa tambayarsa me ke cikin bonet, ya ce, "Inji mana," hira ta mutu a nan.

Sai ga wata ƙawar 'Yar Tambaya ta turo mata hoto. Tsohuwa ce a fake a gaban wani gida mai shuɗin get a saman tudu. Wata kyakkyawar mai kitso da ke zaune a gidan ta dafa bayan babur ɗin tana dariya, shi ma yana dariya. A ƙasan hoton ƙawar ta rubuta: "Kullum a nan yake ajiyewa. Ki buɗe idonki."

Mama ta gani, Baba ya gani. Baba ya ce kada Mai Tsohuwa ya sake taka masa baranda.

Ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta, sannan ta tura masa hoton ba tare da kalma ko ɗaya ba.

"Tambayata, wallahi ba abin da kike zato ba ne," ya rubuto.

"To mene ne?"

Cewa ya yi: "Ina jin kunyar faɗa."

Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Ta kife wayar, ta yi niyyar ba za ta sake kula shi ba. Amma fushinta bai kai son saninta ƙarfi ba. Washegari da ta taso daga aiki, sai ta zarce gidan mai shuɗin get, ta yi sallama. Mai kitso tana tsakar gida da kan wata a cinyarta.

"'Yar'uwa, don Allah tambaya gare ni. Me ke tsakaninki da mai jan babur ɗin nan?"

Mai kitso ta dube ta, ta saki dariya har matajin ya faɗi daga hannunta.

"Au, ke ce ta ƙasan layi? Turi ne tsakaninmu! In maigidana yana nan shi ke tura shi, in ba ya nan ni. Babur ɗin nan in ya yi zafi ba ya tashi da kik, ko zai kwana yana bugawa. Sai an gangara da shi. Ya roƙe mu kada mu faɗa, wai a gidanku akwai mai zuwa da mota."

'Yar Tambaya ta tsaya baki buɗe. Ta juya ta dubi gangaren, tun daga shuɗin get har tagar Baba. Ashe nan ne daidai inda gudun yake isa ya tayar da inji in an saki kuloci.

Tun a hanya ta kira shi.

"Mai Tsohuwa, saboda turi ka kusa rasa ni?"

Ya ce, "Ya zan yi a ce surukina yana kallo ina ta buga kik ina zufa, ga motar wani a gefe? Na kai ta wajen makanikai, kowa ya ce kayan cikinta an daina yi. Na yanke shawara, zan sayar da ita."

"Ka sayar da wadda ta kawo ka duniya? In ka sayar da ita, wa za ka riƙa yi wa sannu?"

"Ke."

"Ni ban yarda ba. Ka ba ni lokaci, akwai wata tambaya da ban yi ba."

Domin wata kalma da Baba ya taɓa faɗa ta tsaya mata a rai. Ta tarar da Baba a baranda, Mama tana gefe tana gyaran wuyan riga. Ta durƙusa ta ba su labarin turi tsaf. Mama ta kasa riƙe dariya. Baba bai yi dariya ba.

"Baba, in yi tambaya?"

"Yaushe kika taɓa neman izini?"

"Ranar nan ka ce yana sakin kuloci a tagarka. Kana ɗaki, ba ka gan shi ba. Ya aka yi ka sani?"

Allurar Mama ta tsaya. Baba ya shafa gwiwarsa ta hagu, ya daɗe yana kallon titi.

"Irinta sak na yi," ya ce. "Tawa baƙa ce. Da ita na yi zaryar neman uwarki. Kina ciki na faɗi a kwana, ƙafar nan ta karye. Uwarki ta yi kuka ta ce ko ita ko babur, na zaɓi ita, ban kuma yi nadama ba. Amma duk yammar da yaron nan ya wuce, sai in ji kamar tawa ce ta zo tana kirana. Shi ya sa nake jin haushinsa."

Mama ta sunkuyar da kai. "Baban yara, ai ba ka taɓa faɗa mini ba."

"Ba ki tambaya ba. 'Yarki ce mai tambaya." Ya gyara zama, muryarsa ta sauya. "Ki gaya masa mai ne yake cika mata ciki in ta yi zafi. Ba a ƙofa ake rufe makunnin ba. Tun daga kwanar layi zai rufe, ta shanye wanda ke cikinta kafin ta tsaya. Gobe ya kawo ta ƙofata. In ta tashi a gabana, sai mu yi maganar manya."

Nan take ta rubuta wa Mai Tsohuwa: "Direbana, saƙo daga Baba. Ka rufe mai tun daga kwana. Ka faka a ƙofarmu, ba a tudu ba. Ka zo da Tsohuwa da zuciyarka duka."

Ya amso: "Zuciyar dama tana wajenki. Tsohuwa zan kawo."

Washegari ya yi yadda aka ce. Ya sha shayin, bai ma san ɗanɗanonsa ba. Suka fito su duka, har Mama a bakin get. Ya shafa tankin ya raɗa mata wani abu, ya ɗora ƙafa ya buga. Shiru. Zufa ta karyo masa.

"Buɗe mata wuta kaɗan, ɗana," in ji Baba. "Kada ka yi mata gaggawa."

Ya murɗa hannun kaɗan ya sake bugawa. Tsohuwa ta yi tari, ta kama, ta zauna da ƙara mai laushi. Baba ya matso da ɗingishinsa, ya ɗora tafin hannu a kan tankin, ya lumshe ido. Da ya buɗe, idanun sun yi ja.

"Ka turo manyanka," ya ce.

Mai Mota ya karɓi labarin da mutunci, har ya ce a ɗauki amarya a motarsa. Amarya ta yi godiya ta ce tana da abin hawa.

Ranar auren, bayan an gama komai, ango ya iso ƙofar gida a kan Tsohuwa, an wanke ta tas, an ɗaura mata ribon a madubin nan biyu da ba su taɓa dacewa ba. Amarya ta fito, ta ɗora hular kwano a kan mayafinta, ta hau baya. Ya buga kik. Ya sake. Ya kuma sakewa.

Ta leƙo ta gefen kafaɗarsa. "Angona, in yi tambaya? Ka rufe mai a kwana?"

Ya dafe kai. "Tun daga kwana ke nake hangowa. Na manta."

Jama'a suka kwashe da dariya, mai kitso har da riƙe ciki. Nan ƙasan layi ne, babu gangaren da zai taimaka. Sai Baba ya miƙa wa wani sandarsa, ya naɗe hannun riga, ya dafa bayan babur ɗin. Mama ta dube shi, ta dubi ƙafar tasa, ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta zo ta sa hannu kusa da nasa.

"Sa ta a giya ta biyu," in ji Baba. "Kada ka saki kuloci sai na ce."

Suka tura, amarya tana waige tana kuka tana dariya. Daidai tagar nan tasa Baba ya ɗaga murya, "Saki!"

Tsohuwa ta yi tarinta ta kama, ta zare daga hannunsu. Suka tsaya a tsakiyar titi suna haki, hannun Mama cikin na Baba.

"Allah ya yi muku albarka!" Mama ta kwala musu. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari!"

Baba ya share ido da bayan hannu, ya ƙara da nasa: "Allah ya kiyaye hanya! Kuma ka bi mini kwana a hankali, 'yata ce a bayanka!"