Fankar Motar Guguwa

Da yamma aka bugo waya ofis, aka ce mota ta faɗo wa wani mutum a gareji. Sufeto bai tashi da gaggawa ba. Ya ga irin wannan har ya gaji: jak ɗin ɗaga mota ya zame, mutum ya tafi, a rubuta "haɗari", kowa ya kama gabansa. Ya ɗauki hularsa, ya ce wa Saje ya fito da mota.

Garejin na wasu 'yan'uwa biyu ne. Babban shi ake kira Guguwa, direban tseren motoci, kuma shi ne ya mutu. Ƙaramin kuwa, kowa Auta yake ce masa, duk da furfura ta fara fito masa a gemu. Shi ne makanikin da ya haɗa motar da hannunsa, tun daga inji har zuwa ƙusar ƙarshe.

An riga an ciro gawar an lulluɓe ta. Motar na nan, ja, cikinta kusan a ƙasa, jak ɗin a gefe ya sauka gaba ɗaya. Bango cike yake da kofuna da hotuna, kuma Guguwa ne a kowanne, yana washe baki. Sufeto ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana neman Auta. A hoto ɗaya kawai ya same shi, shi ma rabin kafaɗa ne da hannu riƙe da sifana.

Matar mamacin ce ta fara ganin gawar. Tana zaune a kan tsohuwar taya, kular abincin da ta kawo masa na gabanta ba a buɗe ba.

"Me kika fara gani?" in ji Sufeto.

"Ban ga komai ba, Yallaɓai. Shirun ne ya fara ba ni tsoro."

"Wane shiru?"

"Idan ya dawo daga gwada mota, yakan kashe inji ya bar fanka tana yi, wai tana shanye zafi. Wani lokaci ya mance da ita har batir ya mutu. Yau na shigo ban ji ta ba, na ce to batir ya sake mutuwa. Sai na ga ƙafafunsa."

Sufeto ya leƙa cikin motar, ya murɗa makulli kaɗan. Fitilun gaban direba suka kama tar. Batir da ransa. Ya laluba ƙarƙashin sitiyari, yatsansa ya taɓa wani ɗan makunni da aka ɓoye a can. Ya danna, fanka ta ɗauka da ƙara kamar injin niƙa. Ya mayar da shi yadda ya same shi.

Auta yana tsaye a bakin ƙofa, idanunsa jajur.

"Ina kake lokacin da abin ya faru?"

"Ina gidan Mama tun safe. Famfonta nake gyarawa."

"Jak ɗin fa?"

"Ya tsufa, yana zubar da mai. Na gaya wa Yaya ya fi a ƙirga, amma Yaya ba ya jin magana."

Sufeto ya sa Saje ya ɗaga gaban motar 'yan sanda da jak ɗin, suka bar ta a sama. Suka gama zagaya garejin suka dawo, tana nan inda suka bar ta, ba ta sauka ko kaɗan ba. Jak ɗin da aka ce ya tsufa ya fi wasu ma'aikatan ofishinsu riƙe aiki.

A jikin garejin akwai shagon wani mai walda, bango ɗaya ya raba su. Yana ganin kaki ya sauke gilashin waldarsa ya rufe fuska.

"Ni ban ji komai ba, ranka ya daɗe. Aikinmu ƙara ne."

"Yau babu wuta a layin nan tun safe," in ji Sufeto. "Da me ka yi ƙarar?"

Mai walda ya ɗage gilashin a hankali. "Kotu nake gudu, ranka ya daɗe. Mutum ya je shaida sau ɗaya, sai ya shekara yana sintiri."

"Faɗi abin da ka ji."

"Da hantsi Guguwa ya dawo, ya kashe inji, fanka ta ɗauka. Can na ji wani abu ya faɗi, dim. Na zaci ƙarfe aka yar."

"Sai fankar ta tsaya?"

"A'a, ta ci gaba da yi. Sai da aka ɗan jima ta ɗauke. Har na yi dariya, na ce yau ma Auta ya shigo."

"Me ya kawo Auta a maganar?"

"Ai duk layin nan mun san wannan rigima. Guguwa ya ce a bar fanka bayan an kashe inji. Auta ya ce aikin banza ne, tunda ruwan lagireto ba ya zagayawa in inji a kashe yake, batir kawai ake cinyewa. Shekara da shekaru suna abu ɗaya. Wannan ya kunna, wancan ya kashe. In ka ji fanka ta mutu da wuri, to Auta ya iso." Mai walda ya ga inda bakinsa ya kai shi. "Amma ni ban gan shi da idona ba."

"Ban ce ka gan shi ba."

Gidan tsohuwar, mahaifiyar su Auta, ba nisa. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, mata sun fara taruwa. Ta ce a shigo da Sufeto ciki, ta sa aka ba su wuri. Ƙaramar mace ce, ta bushe, amma idonta bai yi kama da na wadda za a ruɗa ba.

"Mama, Allah ya ba da haƙuri. Auta yana nan wajenki da safe?"

"Yana nan. Famfo ya gyara min."

"Bai fita ba?"

"Ko ƙofa bai leƙa ba."

Daga inda yake zaune, Sufeto yana jin famfon tsakar gida yana ɗiga a cikin bokiti. Ya juya ya dube shi. An ɗaure bakinsa da tsohon tsumma, tsumman har ya yi kore. Tsohuwar ta bi idonsa, ta ga abin da ya gani. Ba ta sake maganar famfo ba.

"Ɗana," ta ce, ta rage murya, "kana da uwa?"

"Ta rasu, Mama."

"To ka saurare ni a madadinta. Biyu na haifa, babu na uku. Ɗaya yana kwance an lulluɓe shi. Abin da za ka rubuta ba zai tashe shi ba. Kalma ɗaya nake roƙonka. Ka rubuta haɗari, ka bar min wanda ya rage."

Abin ya soki Sufeto, don ya san ba ƙarya ta faɗa ba. Ya san kuma babu wanda zai tuhume shi in ya rubuta hakan. Manyansa ma sun fi son fayil ɗin da ya rufe kansa. Ya fito yana jin haushin aikin, da haushin mamacin da bai taɓa sani ba, da haushin kansa da ya laluba ƙarƙashin sitiyari tun farko.

A mota Saje ya ce, "Yallaɓai, mu tafi ofis?"

Sufeto ya tuna matar da ke zaune a kan taya da kular da ba a buɗe ba. Ita ma an bar ta da tambaya, kuma ba wanda ya roƙa mata komai.

"Gobe da safe ka tara min su a gareji," ya ce.

Washegari suka hallara: Auta, da matar Guguwa, da mai walda, da tsohuwar da ba a kira ta ba amma ta zo. Sufeto ya sa Auta ya tsaya kusa da ƙofar direba, wadda gilashinta ke sauke. Ya miƙa hannu ya kunna fankar, sannan ya koma gefe ya jingina da teburin kayan aiki.

Ya shiga tambayoyin da ba su da kai. Wa ya sayi tayoyin? Wane irin mai ake zuba wa motar? Ya aka yi Guguwa ya ci kofin can na sama? Auta yana amsawa, fanka tana ta ihu a kan inji mai sanyi. Sufeto ya lura da muƙamuƙin Auta yana motsi, yatsunsa suna murza gefen wando.

"An ce yayanka zai koma wata ƙungiyar tsere."

"Haka aka ce."

"Da kai za a tafi?"

"Suna da makanikansu."

"Shi ya gaya maka?"

"Jiya..." Auta ya yi maza ya gyara. "Shekaranjiya ya gaya min."

"Ka ce jiya."

"Bakina ne ya kuɓuce."

Sufeto ya ci gaba da jan magana, bai ko kalli motar ba. Auta yana tsakiyar bayanin yadda ake ɗaure jak, sai hannunsa ya shiga ta taga shi kaɗai, ba tare da ya duba ba, ya laluba ƙarƙashin sitiyari. Fanka ta ɗauke. Garejin ya yi tsit.

Auta ya tsaya yana kallon hannunsa.

"Haka ka yi jiya," in ji Sufeto. "Mota ta riga ta faɗo masa, fanka tana yi. Wanda ke ƙarƙashin mota ba ya kai hannu sitiyari. Ɓarawo ko baƙo gudu zai yi, bai ma san da makunnin ba. Mutum ɗaya ne a duniya ba zai iya fita ya bar ta tana yi ba."

"Auta, kar ka ce komai," in ji tsohuwar.

Amma ya riga ya zauna a ƙasa, ya jingina da motar.

"Yana ƙarƙashi yana duba inda mai ke zuba," ya ce. "Daga can ya gaya min. Ko fitowa bai yi ba ya dube ni. Ya ce su can ƙwararru ne, ba masu faci irina ba. Ya ce in saurari fankar nan da kyau, ita ce ta riƙe injina duk shekarun nan, ba ni ba. Yana dariya. Hannun jak ɗin yana kusa da ni. Na murɗa."

Matar Guguwa ta rufe fuska da mayafi.

"Na tsaya ina kiransa, bai amsa ba. Fankar kuma tana ta yi, tana ta yi. Ban san lokacin da na kashe ta ba."

Saje ya ciro ankwa. Auta ya miƙa hannuwansa ba gardama. Sun kai bakin ƙofa ya waiwayo.

"Amma Yallaɓai, ni ke da gaskiya. In inji a kashe yake, ruwan ba ya zagayawa. Fankar ba ta yi wa injin komai."

"Ka tafi da gaskiyarka," in ji Sufeto. "Ita kaɗai ta rage maka."

Aka sa shi a bayan mota. Tsohuwar ba ta yi kuka ba, ba ta bi motar ba. Ta zo ta tsaya gaban Sufeto, kanta bai kai kafaɗarsa ba.

"Kalma ɗaya na roƙe ka," ta ce.

"Na sani, Mama."

"Jiya da safe 'ya'yana biyu. Ka yi aikinka, ɗana. Allah ya ƙara girma."

Ya ce bari Saje ya dawo ya kai ta gida. Ta girgiza kai, ta gyara mayafinta, ta kama hanya ita kaɗai.