Muryar 'Yar Mai Inji

Rana ta faɗi, amma duhu bai gama sauka ba, lokacin da dutse na farko ya faɗo a kan kwanon gidan Mai Inji. Matarsa tana tsugune a bakin murhun banda tana juya tarwaɗa a kan waya, 'yarsu kuma tana gefe tana feɗe sauran kifin tana zuba labari. Aku ake ce mata tun tana ƙarama, don bakinta ba ya hutawa. Shekarunta goma sha takwas, amma har yanzu in ta ɗauko zance sai uwar ta ce, "Ke, ki rage wa gobe."

Dutsen ya gangaro ya tsaya kusa da kwandon kifi. Aku ta ɗauka ta juya shi a hannu. Jiƙe yake sharkaf, da gansakuka a jikinsa, sanyi ƙalau kamar yanzu aka ciro shi daga ƙasan kogi. Rabon garin da ruwan sama kuwa wata biyu ke nan.

"Yaran maƙwabta ne," in ji uwar, ba ta ko ɗaga kai ba.

Na biyu ya faɗo, sannan na uku, a hankali, da tazara iri ɗaya, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jiran a amsa. Mai Inji ya fito daga ɗaki da sanda, ya zagaya bayan gida yana zage-zage, ya dawo bai ga kowa ba. Kaji sun yi tsit a akurki. Hayaƙin banda, da ya saba miƙewa sama, ya kwanta yana bin ƙasa.

Kogin da suke ci a cikinsa yana da ladabinsa, ko da yake babu wanda ya taɓa rubuta shi. In ka tarar wani ya riga ka wuri, sai ka yi masa sallama ka wuce gaba nisan jifa biyu. Ba a watsa birgi, wato komar jefawa, a kan na wani. Ba a ɗaga mamari, doguwar igiyar nan mai jerin ƙugiyoyi, in ba kai ka shimfiɗa shi ba, ko da ka ga kifi yana fizgar gorarsa. In kana da inji kuma za ka gifta ƙaramin kwale-kwale, ka kashe shi ka ɗauki filafili. A shekarar nan ruwa ya ja baya, kifi ya tattaru a gurbi ɗaya, jirage suka cika wurin har filafili yana bugun filafili, ga kuma 'yan birni masu zuwa ranar hutu da sandunan fatsa da rediyo. Duk da haka ana haƙuri da juna. Mutum ɗaya ne ba ya yi.

Tun da ya ɗaura inji a gindin jirginsa, Mai Inji ya daina gaisuwa. Da asuba yake ratsa tsakiyar mutane, farfela tana yanka komar bayin Allah, ruwa yana fallatsa wa dattawa a fuska. In an yi masa magana sai ya ce, "Kogin na ubanka ne?" Shugaban masunta ya aika masa sau biyu. Ya zo sau ɗaya, ya zauna yana sakace har aka gama yi masa nasiha, ya kaɗe rigarsa ya fita.

Akwai wani tsoho da ake kira Baba Sannu, saboda ba ya wuce kowa bai gaishe shi ba, har ruwan kansa yakan yi wa sallama kafin ya saki ƙugiya. Wurinsa ɗaya ne, a kwanar kogi, gindin wata tsohuwar bishiya da saiwoyinta suka nutse cikin ruwa. Kwana tara kafin jifan nan aka tsinci kwale-kwalensa a kife, babu shi. Aka yi kwana uku ana nema aka haƙura. Matarsa, ita ma tsohuwa, ta ƙi karɓar gaisuwa, ta ce ita ba ta ga gawa ba. Kullum tana zaune a ƙofar gida da takalmansa a gefenta.

Jifan bai tsaya ba. Kowace magariba sai ya dawo, har duwatsu suka yi tsibi a tsakar gida, kuma ba sa bushewa. A rana ta huɗu aka ƙara da murya. Daga bakin zaure take fitowa, muryar namiji, ƙasa-ƙasa, cikin ladabi.

"Salamu alaikum. A rage gudu."

Uwar ta amsa sallamar kafin ta ankara. Da ta leƙa, babu kowa, sai sawun ruwa a kan siminti, ya shigo amma bai fita ba.

"Baban Aku, wa ka taɓa?" ta tambaye shi.

"Wa zan taɓa? Hassada ce ta matsiyata. Ki ba ni abinci."

A rana ta shida Aku ta bar wuƙa a cikin kifi ta miƙe. Ta taka zuwa tsakiyar tsibin duwatsu ta zauna, ta miƙa hannun dama gaba kamar mai riƙe da igiyar fatsa, ta yi shiru. Shirun ne ya fara tsorata uwar, don gidan bai san shi ba. Da ta dafa ta, ta ji rigar yarinyar jiƙe, ruwa yana ɗiga daga kitsonta, jikinta da nauyi kamar an cika ta da yashi. Maza uku suka kasa ɗaga ta. Haka ta kwana a wurin, ta wuni, ba ci ba sha, idonta a kan abin da babu mai gani sai ita.

Bayan la'asar ƙanen uwar ya zo da Malam, wani siririn dattijo mai tabarau wanda aka sani da aikin masu taɓin iska. Ya yi sallama a zaure, ya nemi ruwa ya yi alwala, ya zauna gaban yarinyar nisan kamu biyu. Ya sa aka rufe ƙofa. Ya daɗe yana karatu, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka, inuwar katanga tana tsawo har ta rufe su. Can sai hannun Aku ya sauko a hankali. Bakinta ya buɗe, muryar zauren nan ta fito daga ciki.

"Sannu, Malam. Na ji ka yi sallama kafin ka shigo. Kai ka san ladabi."

"Wane ne kai?"

"Maƙwabci."

"Maƙwabcin wa?"

"Na tsohon da ke kwance ƙarƙashin saiwa. Shekara arba'in muna wuri ɗaya, shi a sama, ni a ƙasa. Bai taɓa sakin ƙugiya a ƙofata bai ce a gafarta ba."

Uwar ta waiwaya ta dubi mijinta. Yana tsaye jikin bango, kusa da injinsa da ya rufe da tamfol.

"Da asuba ne," in ji muryar. "Tsoho ya ɗaga fitila ya ce a rage gudu. Wannan ya gani. Ya ƙara wuta, don ya riga wasu jirage biyu zuwa gurbi. Ruwan da ya tayar ya kifar da tsoho, mamarinsa ya naɗe masa ƙafa. Sau uku ya kira. A na biyu wannan ya waiwaya, suka haɗa ido."

"Ƙarya ne," in ji Mai Inji. Amma muryarsa ba ta kai ƙofa ba.

Malam ya gyara tabarau. "In kana wurin, me ya hana ka ceto shi?"

"Kwana ya ƙare, Malam, ba ni da iko. Kansa kawai na riƙe har ya daina."

A waje wani mai tura ruwa ya wuce yana tallarsa.

"To yarinya fa?" in ji Malam. "Me ta yi maka? Ka ji tsoron Allah, wannan zalunci ne."

"Na sani. Uban na fara gwadawa, ban sami ƙofa ba, ƙarar inji ta toshe masa kunne. Ita kuwa bakinta kullum a buɗe."

"Za ka fita."

"Zan fita. Abin da kake karantawa yana ƙona ni, ba zan ɓoye maka ba. Abu ɗaya nake so. Gobe da safe, in jirage sun taru, ya tsaya a bakin gaɓa ya faɗi abin da ya yi. Ya kai su wurin, a ciro tsoho a yi masa sutura, matarsa ta san inda ta tsaya. Shi ke nan."

Malam ya juya. "Ka ji. Abin da ya nema, ko ba aljani, wajibi ne a kanka."

Mai Inji ya lashi leɓe. "Malam, za su ɗaure ni. Jirgin ma ƙona shi za su yi. A ba shi rago mana. Ko biyu."

Dariya ta fito daga ƙirjin yarinyar, mai kauri, kamar ruwa yana shiga tulu. "Ina da kifi, na gode." Sai dariyar ta yanke. "In ba zai buɗe nasa bakin ba, to wani baki zai rufu a gidan nan. Ba zan koma hannu rabbana ba, Malam. Ya zaɓa. Ko shi ya yi magana, ko ita ta daina."

"Ba a ciniki da 'yar mutane," in ji Malam, ya ɗaga murya da karatu. Jikin Aku ya fara karkarwa, jijiyoyin wuyanta suka miƙe, amma muryar ta ci gaba da jira.

Uwar ta rarrafa ta kama ƙafar mijinta. "Baban Aku, ka ce to mana. Don girman Allah ka ce to."

Bai ce ba. Ya dubi ƙasa, ya dubi tamfol, ya share zufa da bakin riga. Aka fara kiran sallar magariba daga nesa, aka kai tsakiya, yana tsaye. Daga ƙarshe ya matso kusa da Malam ya sunkuya, kamar mai tambayar farashi a kasuwa.

"Malam, irin wannan, ai in aka yi magani tana dawowa ko?"

Malam ya tsaya cak da karatu. A daidai lokacin idon yarinyar ya juya kan ubanta, kuma uwar ta rantse daga baya cewa idon Aku ne, ba na kowa ba.

"Ta ji," in ji muryar. "Na sakar mata kunne don ta ji. Na bar ka lafiya, Malam. A gafarta, zan wuce."

Aku ta kifa ta yi aman ruwa, ruwan kogi mai laka, da yawa, har ya kai gindin murhu ya kashe garwashi. Ƙaramin yatsanta na ƙafa ya yi rawa ya tsaya. Uwar ta ɗago ta cikin sauƙi kamar jaririya. Yarinyar ta buɗe ido ta gane kowa, ta buɗe baki za ta ce Umma, leɓɓanta suka yi, iska kawai ta fito. Ta sake gwadawa. Ta kai hannu maƙogwaro ta murza, ta sake gwadawa.

Malam ya naɗe buzunsa. A bakin zaure Mai Inji ya bi shi zai yi magana, Malam ya ce, "Na cire aljanu da yawa. Naka ba ni da ayarsa," ya fita.

Da gari ya waye uwar ta yafa mayafi ta sauka bakin gaɓa ita kaɗai. Ta tsaya gaban shugaban masunta, jirage na jin ta, ta faɗi duk abin da aka faɗa a tsakar gidanta. Matasa huɗu suka nutsa gindin bishiyar, suka ciro Baba Sannu da igiyarsa a ƙafa. Aka rufe shi kafin azahar. Matarsa ta ɗauki takalman ta shiga ɗaki.

Hukuma ta tafi da Mai Inji, ta riƙe shi sati uku, ta sake shi, don babu shaidar da za ta tsaya gaban alƙali. Ya koma ruwa da injinsa. Babu wanda ya dake shi, babu wanda ya ƙona masa jirgi. Sai dai in ya nufo gurbi kowa ya naɗe kayansa ya matsa nesa, in ya yi sallama, don yanzu yakan yi, ba mai amsawa, in jirginsa ya kafe a yashi shi kaɗai yake turawa.

Uwar ta kwashe kayanta da 'yarta ta koma gidan ƙanenta. Malam ya yi wata huɗu yana zuwa da rubutu da addu'a. Aka kai ta asibiti, likita ya haska maƙogwaronta ya ce lafiya lau yake. Aku ta ci gaba da feɗe kifi, ta koyi nuni da hannu, ta rame.

Da ruwa ya fara dawowa, masunta suka soma wani zance ƙasa-ƙasa. Wai in ka zo kwanar nan da sassafe ka ɗaga filafili, za ka ji muryar budurwa daga cikin saiwoyi tana gaisuwa, tana tambayar kowa ya aiki, ya iyali, tana dariya. Da labarin ya kai kunnen uwar, ta fara zuwa kullum bayan sallar asuba, ta tsaya kan gaɓa tana saurare, wani lokaci har ta yi murmushi. Rannan Aku ta biyo ta, ta tsaya a gefenta riƙe da bakin mayafinta. Suka daɗe, ruwa yana wucewa. Can muryar ta taso daga ƙasa, wasai, da zumuɗi.

"Umma!"

"Na'am, 'yata," in ji uwar, ta taka gaba, fuskarta a kan ruwa.

Aku ta dubi ƙeyar uwarta na ɗan lokaci. Sannan ta saki mayafin, ta hau gaɓa ta nufi gida ita kaɗai.