Wanda Yake Zaune Daidai a Cikin Gilashi

A shekarar da jirgin ƙasa ya iso Gusau ina akawu a kantin wani Bature mai sayen gyaɗa da fata. Da yake na yi makarantar mishan a Zariya, kuma hannuna ba ya rawa, ni yake ba wa akwatinsa na ɗaukar hoto. Akawuna da masinjoji suka shirya tseren keke daga Tsafe zuwa Gusau, ya ce in ɗauko masa hoton ya aika gida.

Keke ba ya jiran mai hoto. Tun jajibiri ake zaɓen wuri, a kafa akwatin, a daidaita shi a kan gaɓa ɗaya ta hanya. Akwatin nan yana da gilashi biyu da ake ɗaura masa a baki. Gajeren yana kwaso fili duka, amma mutum ya koma kamar tururuwa. Dogon, mai zoben tagulla, yana jawo abin da ke nesa har a ga gumin goshi, sai dai wuri ɗaya tak yake gani. Zaɓen ɗaya daga cikinsu ne ya fitar da ni bayan la'asar, ni da ƙanena Hamidu, masinjan kantin, wanda shi ma zai yi tseren.

Muka tsaya a wata kwana wajen 'Yandoto, inda hanya ke gangarowa ta ƙarƙashin wata tsohuwar tsamiya. An yi ruwa da rana, ƙasa tana ta ƙamshi. Ina kafa ƙafafun akwatin wata dattijuwar Bafulatana ta biyo da ƙwaryar nono a ka. Muka gaisa. Ta tambayi mene ne wannan, Hamidu ya ce mata ido ne na Nasara mai hangen nesa. Ta dube ni. Sannan ta rage murya.

"Ɗana, in rana ta yi sanyi ba a ƙura wa tsamiyar nan ido. Sunkuyar da kai ake yi, a yi sallama, a wuce."

Na ce, "Inna, ai ba ni zan kalla ba, gilashi ne."

Ta kama hanyarta. Na lura da ta zo daidai itacen ta kawar da fuska, leɓunanta suna motsi.

Na fara da gajeren gilashi. Na shige cikin baƙin ƙyallen da ake lulluɓa, na duba allon gilashin da ke bayan akwatin. Wanda bai taɓa aikin nan ba, ya sani komai a kife yake fitowa a allon: sama a ƙasa, ƙasa a sama, itace yana lilo da saiwarsa a bisa. Tsamiyar ta fito ƙarama can gefe. Na ce da wannan za mu yi.

Hamidu ya leƙa, ya yi tsaki. Ya ce shi da zai zo na fari, a ɗauke shi kamar ƙuda a kan faifai? Wa zai gane shi? Ya ce so yake Jummai matarsa ta ga fuskarsa da idonta, ta daina cewa jakin babanta ya fi kekensa sauri.

"Yaya, sa dogon. In kai tsohuwa ta tsorata ka, ni ba ta tsorata ni ba."

Na sa dogon. Ya hau keke ya tafi can saman gangaren, zai taho da gudu in gwada.

Na koma cikin ƙyallen. Ciki akwai zafi da warin tsohon yadi. Na murɗa a hankali har gindin tsamiyar ya cika allon, kowace tsaga ta ɓawonta ta fito sarai, a kife.

A gindinta akwai mutum zaune.

Shi ba a kife yake ba. Itace a kife, hanya a kife, shi yana zaune daidai, kansa a sama.

Na fiddo kaina na duba da idona. Babu kowa. Ciyawa ce da inuwa. Sai a lokacin na ji kwaɗin da ke kuka a fadama sun yi shiru.

Na sake shiga. Ya miƙe tsaye. Siriri ne ƙwarai, da farin mayafi da ya sha ƙasa. Fuskarsa tana fuskantata. Ban ga ido a cikinta ba, amma na san ni yake kallo, irin kallon da maigida ke yi wa wanda ya leƙo masa ta katanga.

Can sama na ji ƙarar kaca. Hamidu ya taho.

Na buɗe baki in tsayar da shi. Murya ta ƙi fita. Ko ta fita, ba a kiran sunan mutum a irin wannan wuri da magariba.

Keken ya shigo allon a kife, Hamidu yana dariya, rigarsa tana kaɗawa. Mai mayafin ya ɗaga ƙafa ɗaya kawai. Ya zauna a bayan Hamidu.

Dariyar ta ɗauke.

Daga waje ina jin tayar baya tana gurzar ƙasa. Gangare ne, amma Hamidu yana nishi kamar mai hawan dutse. Ƙararrawar keken ta kaɗa, ga hannayensa duka biyu a kan ƙahon tuƙi.

Wani wari ya cika ƙyallen, na jiƙaƙƙen toka.

Dogayen yatsu suka zagayo wuyan ƙanena. Fuskar nan ta leƙo ta kan kafaɗarsa, tana girma a allon, ba ta kallon kowa sai ni.

Na fizge ƙyallen. Na kama zoben tagullar in kwance. Sanyinsa ya ƙona mini yatsu, ya ƙi juyawa.

Na cire hulata na kifa a bakin gilashin. Na durƙusa. Na sa idona a ƙasa, na yi sallama. Na ce masu wuri su yi haƙuri, baƙi ne mu, wucewa za mu yi. Na kama Ayatul Kursiyyu.

Ƙarar kacar tana matsowa. A hankali. Inuwa ta rufe ƙasar da nake kallo.

Ban ɗaga kai ba.

Keken ya faɗi a gabana, taya tana ta juyawa.

Hamidu yana kwance rub da ciki, jikinsa kamar an tsamo shi daga rijiya. Da ya iya magana, a kunne ya raɗa mini.

"Yaya, duba bayana. Ya sauka?"

Na duba. Na ce masa babu kowa. Iyakar abin da idona ya gani ke nan.

Da ƙafa muka isa Tsafe, ina jan keke, akwatin a kaina, hular tana bakinsa. Washegari na ɗauki tseren da gajeren gilashi daga bakin kasuwa. Bature ya yi ƙorafin ba a gane fuskar kowa. Na ce dogon ba ya yi a hanyar nan.

Hamidu bai yi tseren ba, bai kuma sake hawa keke ba. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai shi wurin malamai har Bungudu, can kuma ya zauna yana noma. Ya haifi 'ya'ya, ya ga jikoki. Sai dai tun daga ranar a sunkuye yake tafiya, kuma bai ƙara jingina da bango ba. In ya zauna a tabarma yakan matso gaba, ya bar fili a bayansa. Jummai ba ta taɓa tambayata dalili ba, ni ma ban faɗa ba.

Bara ya rasu, ya rame har ana ganin haƙarƙarinsa. Duk da haka sai da ƙarti suka yi ta canjin kafaɗa kafin mu isa maƙabarta, suna kallon juna. Muka sa shi, muka rufe, muka yi addu'a.

Da za a mayar da makara masallaci, babu kowa a cikinta, na kama gefe ɗaya. Nauyin yana nan.