Bakin 'Yar Dila

Wa ya fara yi wa wani sata, Nuala ko Cathal? Har yau na kasa raba wannan gardama.

"Kashe waƙar nan!"

Cathal ne ya daka tsawar, ɗakin zane ya yi tsit. Nuala, marubuciyar waƙoƙin fim ɗin zane mai motsi da suke haɗawa, ta kashe waƙar.

A sana'arsu murya ake fara ɗauka, sannan mai zane ya bi ta harafi harafi yana motsa bakin 'yar dilar da fim ɗin ke ba da labarinta. Muryar Nuala ce ta gwaji, hannun kuma na Cathal, saurayinta. Duk birnin Galway na ƙasar Ireland babu mai hannu irin nasa.

"Kar ka bar min fitila, na san hanya..." ya maimaita amshin. "Maganar Mama ce ta ƙarshe kafin ta rasu, Nuala! Ke kaɗai na faɗa wa!"

"Masoyi, tsaya ka ji..."

"Ba zan zana shi ba. Ko layi ɗaya."

Gaskiya waƙar ta yi kyau. Darakta kansa sai da ya share ido, ya ce ita ce zuciyar fim ɗin, in Cathal ya ƙi a ba wani. Bríd kuwa, yayar Cathal, waya ta bugo wa Nuala.

"Sannu mai basira! Uwarmu ce kika samu ta sa wa kiɗa? Ki fita harkar ƙanena!"

Nuala ta kwana biyu tana juya abin. Ba ta taɓa rubuta waƙar da ta kai wannan ba. Amma da a ce ta nemi izinin Cathal tun farko, ya ce a'a fa? Ta san shi ya sa ba ta tambaya ba.

Ranar Litinin ta shigo jiƙe da ruwan sama, ta ajiye masa shayi.

"Na janye waƙar. Na faɗa wa darakta."

Ya ɗago. "Kin haukace? Ita ce..."

"Ba tawa ba ce."

Ta juya za ta tafi, hannun rigarta ya share takardun teburinsa. Ta durƙusa tana tattarawa, sai ta tsaya cak.

Zanen 'yar dilar ne, tana cije leɓen ƙasa kafin ta ɗaga murya. Ga ta tana lumshe ido ɗaya. Ga ta tana ɓoye rawar haɓa.

"Cathal... wannan ai kukana ne. Na ranar da aka binne Babana."

Kunnuwansa suka yi ja.

"Babu wanda zai gane."

"Ni na gane! Ɓarawo kawai!"

"Ji mai magana!"

Dariya ta ƙwace mata tare da hawaye. Bai taɓa zana abin da ya kai wannan kyau ba, ita ma ta sani.

"Ka bar shi a fim ɗin," ta ce. "Na ba ka."

Ya daɗe yana kallon takardar.

"Bríd za ta kashe ni. Ni zan je in same ta da kaina." Ya jawo mata kujera gabansa. "Mama ba ta jan 'hanya' haka, a gajarce ta faɗa, tana murmushi. Gyara."

"Kana nufin..."

Ya ɗauki fensir.

"Rera, rabin raina. A hankali. Ina so in ga bakinki."