Shafi na Ɗaya a Fayil ɗin Kwandiko

Da misalin ƙarfe tara na safiyar Litinin aka kira Sufeto Barau zuwa Ofishin Raya Sana'o'i, wani tsohon gini mai fenti ruwan ƙwai a Birnin Kudu, kan hanyar Gwaram. Ba kisa aka yi ba. Fayil aka sace, tun ranar Juma'a bayan an tashi.

Har ya ja tsaki, sai ya ga Lailatu, jami'ar sana'o'in mata, idanu jawur, ga takardar tuhuma a hannunta.

"Malama, fayil ɗin mene ne?"

"Na injin casar shinkafa ne, ranka ya daɗe, na matan Kwandiko su sittin da uku. Jibi Laraba da azahar za a rufe karɓar takardu a Dutse. In bai isa ba, wani gari za a bai wa injin, ni kuma a dakatar da ni."

"Ba ki da shi a kwamfuta?"

"Rubutun yana nan. Sa hannun fa? Sashen filaye ne suka tabbatar da fili, sashen ayyuka suka zana rumfa, sashen lafiya suka gwada ruwan rijiya, sannan sashen gona. Kowa ba ya taɓa fayil sai na gabansa ya sa hannu. Wata goma sha ɗaya ina zarya tsakanin ƙofa huɗu. Ga dangwalen matan, ɗaya bayan ɗaya."

Duk wanda ya taɓa bin takarda a ofis ya san ba ta yi ƙari ba.

Sufeto ya duba kabad ɗin. An ɓalle kwaɗo, amma kwamfutarta tana kan tebur ba a taɓa ba. Ya jawo durowa, ya tsaya yana kallo. Sauran fayiloli a jere suke reras, lamba na bin lamba.

"Haka kike jera su?"

Ta sunkuyar da kai. "Gaskiya yadda na samu nake cusawa."

"To, ɓarawonki ya yi miki gyara kafin ya tafi."

Ya fara da Injiniya Khuzaima na sashen ayyuka, wanda tun a baranda aka tsegunta masa cewa ba ya ga maciji da Lailatu.

"Ina kake ranar Juma'a bayan an tashi?"

"Sha biyu na kama hanyar Gwaram."

"Maigadi ya ce motarka tana nan har uku."

Injiniya ya share goshi. "To, ina nan. Ƙorafi nake rubutawa. Aiki mai gini da inji, ai na sashen ayyuka ne! Yarinyar da ta zo shekaranjiya, ita za ta riƙe almakashi ranar buɗewa, mu muna tafi?"

Hassada kam ga ta nan har tana zuba. Sai dai teburinsa kamar kasuwa ta watse, takardun gwamnati har ƙarƙashin kofin shayi. Mutumin da bai iya jera nasa ba, ba zai jera na abokiyar gaba ba. Sufeto ya fita.

Ƙofa ta gaba ta Malam Yahuza ce, jami'in tsare-tsare, shekara talatin da huɗu a bakin aiki, saura wata huɗu ya yi ritaya. Siririn dattijo ne mai tsabta, da jan biro a aljihun gaba. Daidai saitin ƙofarsa aka rataye hoton Lailatu, an rubuta gwarzuwar ma'aikata ta bana. Ya juya kujerarsa ta ba hoton baya.

"Baba, ka san fayil ɗin Kwandiko?"

"Bai biyo ta teburina ba. Yaran yanzu ba sa neman shawara."

"Ka san garin?"

"A taswira kawai."

"Me za ka ce a kan aikin Lailatu?"

"Allah ya sanya albarka," in ji shi, yana daidaita wata takardar da dama a daidai take.

Da la'asar Sufeto ya isa Kwandiko. Ya tarar da mata sun kewaye tukwane suna turara shinkafa, wata an baza ta a tabarmi tana shan iska. Shugabarsu, Inna Zulaiha, ta saurare shi har ƙarshe ba ta ajiye muciya ba.

"Ɗan nan, ai mun saba. Wannan ne karo na biyu."

"Na biyu, Inna?"

"Shekarar da aka haifi jikata Kubra, ga ta can yanzu da goyo. Wani malami ya zo a kan Basfa, siriri haka. Kwana uku ya yi a garin nan. Da kansa ya ja igiya ya auna filin can, ya ci dambunmu, ya ce inji na zuwa. Shiru kake ji. Mutumin kirki ne, wallahi, ina ga kunya ce ta hana shi dawowa."

"Kin tuna sunansa?"

"Ta yaya zan manta Yahuza?"

Sufeto ya yi godiya. Ya kama hanyar komawa.

Washegari da sassafe ya nemi Malam Buba, mai kula da ɗakin tsofaffin fayiloli.

"In fayil ya mutu, ina kuke kai shi?"

"Fayil ba ya mutuwa, ranka ya daɗe. Adana shi ake, a kantar shekararsa."

"In biyu suka zo da magana ɗaya fa?"

"A haɗe su da igiya ɗaya. Ƙa'ida ce, ko da yake masu bin ta sun ƙare."

"Wa ke da mukullin ɗakin bayan kai?"

"Jami'in tsare-tsare."

Suka shiga. Yanar gizo ta rufe kowace kanta, ban da wuri guda a kantar shekarar dubu biyu da shida, inda aka share tas. Sufeto ya miƙa hannu ya sauko da fayil biyu a ɗaure da sabuwar igiya, tsoho a ƙasa, na Lailatu a sama.

Ya buɗe. An soke lambar kowane shafi da jan biro, an matsar da ita gaba da ɗaya. A farko kuma an saka wata takarda da ta yi ja don tsufa, an rubuta mata lamba ɗaya. Shawara ce ta kafa injin casa a Kwandiko, da sa hannun Yahuza. A ƙasa wani babba na wancan zamani ya rubuta layi guda: a dakata tukuna.

Hali zanen dutse. Sufeto ya aika a kira Lailatu da Injiniya Khuzaima da Malam Yahuza.

Malam Yahuza ya ga fayil ɗin a kan tebur, ya nemi kujera ya zauna.

"Baba, ka ce a taswira ka san Kwandiko. Inna Zulaiha tana gaishe ka."

Dattijon ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Ni ne. Ana masallaci na ɓalle kwaɗon."

"Me ya sa ba ka ƙone shi ba?"

"Na tafi da shi bayan ofis, har na ƙyasta ashana. Sufeto, shekara talatin da huɗu ban taɓa yaga takardar gwamnati ba. Hannuna ya ƙi." Ya juya ga Lailatu. "Shekara goma sha tara ina tunatarwa, ana ce mini a dakata. Ke kika zo, wata goma sha ɗaya, ƙofofi suka buɗe. Suka rataye hotonki a ƙofata. Kullum na fito alwala sai na gan ki. Na ji ƙyashi, 'yata. Na ji shi har ba na iya cin abinci."

"Baba," in ji Lailatu, hawaye na zuba, "wallahi ban san akwai naka ba. Me ya hana ka gaya mini?"

"In zo in roƙi yarinya ta sa sunana?"

"Ka gwammace matan nan su sake jiran wata shekara goma sha tara?"

Wannan tambayar ta fi ankwa ciwo.

Sufeto ya sa aka ɗauki hoton kowane shafi don shaida, ya miƙa wa Lailatu fayil ɗin. Injiniya Khuzaima ya leƙo ta kafaɗarta.

"A cire wannan tsohuwar takardar kafin a kai Dutse."

Ta dafe ta da tafin hannu. "Ba za a cire ba. Shi ya fara auna filin. Shafi na ɗaya nasa ne."

Malam Yahuza ya rufe fuska da hularsa. Abin da ya ɓalle kwaɗo dominsa, ya zubar da mutuncin shekara talatin da huɗu, ashe tambaya ɗaya ta ishe shi ya samu.

"Mu je, Baba," in ji Sufeto a hankali.

Ma'aikata sun yi cirko-cirko a baranda. Malam Yahuza ya wuce ta gaban hoton Lailatu bai ɗaga kai ba. Har ya sa ƙafa a motar 'yan sanda, sai ya waiwayo.

"Lailatu."

"Na'am, Baba."

"Shafi na goma sha takwas, sashen lafiya ba su sa kwanan wata ba. Ki koma su sa. In ba haka ba, Dutse za su dawo miki da shi."

Motar ta tashi. Lailatu ta buɗe shafi na goma sha takwas, ta duba ƙasan sa hannun. Babu kwanan wata. Ta goge ido da gefen mayafi, ta nufi sashen lafiya da gudu.